Filin Shawara: Fata ta ɗaure bayan kaciya, ga biki ya matso

Anti, shekaruna 29, bara na musulunta, kuma yau kwana 18 da yi mini kaciya a asibiti. Ciwon ya lafa, amma duk sanda gabana ya miƙe, musamman da asuba, sai fatar ta ɗaure tamau kamar za ta yage, har in farka. Wurin ɗinkin ya yi tauri, ga sauran kumburi. Abokina ya ce likita ne ya zarce wajen yanka, wai haka zan dawwama. Saura mako 2 aurena, kunya kuma ta hana ni tambayar kowa.

Daga wani ɗan'uwa.

Ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi, ya sanya albarka a auren.

Abokinka ya yi garaje. A kwana 18, ko likitan da ya riƙe wuƙar ba zai iya cewa ga yadda fatar za ta zauna ba. Kumburin da kake gani ya cinye sakin da fata take da shi, sabon tabo kuma da tauri yake farawa, sai a hankali yake laushi. Rauni kan rufe cikin mako 4 zuwa 6, amma laushin tabo kan ɗauki watanni, wani har shekara. Zaren ɗinkin, in mai narkewa ne, yakan zube da kansa cikin mako 2 zuwa 4. Kada ka tsinke shi.

Miƙewar dare ba laifinka ba ce, ba kuma sha'awa ce ta kawo ta ba. Lafiyayyen namiji yakan yi ta sau da yawa cikin barci bai sani ba. Shi ya sa jinyar babba ta fi ta yaran da wanzami ke yi wa da sanyin hunturu wahala. Rage shan ruwa in dare ya yi, ka yi fitsari kafin ka kwanta, ka kwanta ta gefe ka ɗan naɗe gwiwoyi. In ta tashe ka, miƙe ka je banɗaki, za ta kwanta. Sa ɗan kamfai mai ɗan kama jiki, ka ɗora gaban yana kallon cibiya, kumburi zai fi saurin sauka. Ɗan Vaseline zai hana wurin manne wa tufafi. Wanke da ruwa mai tsabta, ka tsane a hankali. Ban da toka, ban da garin magani, ban da Dettol tsagwaronsa. Na san masu ba da irin wannan shawara ba sa ƙarewa a majalisa. Kada kuma ka riƙa jan fatar wai don ta saki. In kana shan sigari ko kana da ciwon suga, warkewa za ta yi jinkiri, sai ka faɗa wa likita.

Jinin da ya ƙi tsayawa bayan ka danne na minti 10, mugunya, wari, zazzaɓi, ɗinki ya buɗe, wurin ya yi baƙi, ko fitsari ya ƙi fita: waɗannan ba a kwana da su, asibiti za ka nufa nan take. In kuma an wuce wata 3 zuwa 6 miƙewa na yi maka zafi, ko gaban na lanƙwasa, ko fatar maraina na hawowa sama, to nan ne zancen abokinka zai iya zama gaskiya. Nemi likitan mafitsara, akwai gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar auren nan da aka sa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda tun 2007 take goyon bayan kaciyar manya a gabashi da kudancin Afirka don rage kamuwa da cutar ƙanjamau, mako 6 ta tsayar kafin kusantar iyali, wato kwana 42. Kai ranar bikinka kwana 32 za ka cika. Ka ga da sauran 10.

A ɗaura aure, a ci shinkafa, amma a jinkirta tarewa. In hakan ba zai yiwu ba, cire kunya ka gaya wa amaryarka gaskiya da bakinka. Kafin nan, koma wurin likitanka cikin makon nan ya duba ɗinkin.