Wasiƙa Zuwa ga Sababbin Ɗaliban Kiwon Lafiya Kan Yaren Asibiti

Ya ku 'ya'yana da ƙannena da kuka samu gurbi bana a makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, da kwalejojin fasahar kiwon lafiya, da sassan adana bayanan marasa lafiya,

Ina taya ku murna, ina kuma yi wa iyayenku barka. Allah ya sa ku gama lafiya.

A zangon farko za a ɗora muku wani darasi da yawancinku za su raina a makon farko, su tsane shi kafin wata ya cika, wato darasin kalmomin likitanci. Rainin saboda babu allura a cikinsa ne, babu farar riga, babu shiga ɗakin marasa lafiya. Tsanar kuwa za ta zo ne ranar da malami ya cika allo da kalmomin da harshe ke harɗewa wajen furta su, ya ce sati mai zuwa akwai gwaji. Na koyar da wannan darasi, na kuma ga yadda ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa ke faɗuwa a cikinsa, kuma kaifin ƙwaƙwalwar ne ke kayar da shi. Mu 'yan makarantar allo ne, hadda ba ta ba mu tsoro. Yaron da ya tashi da tilawa zai ɗauki jerin kalmomi ya yi ta bita har asuba, ya cinye gwajin ranar Litinin tas. Ranar babbar jarrabawa sai a kawo masa kalmar da bai taɓa gani ba, ya tsaya yana cizon biro.

Abin da darasin nan ke nema a wurinku sarfu ne. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya ɗan taɓa Larabci ya san cewa kataba da kitabu da katibu da maktabu duk daga haruffa uku suka fito, kuma da zarar ya gane awon kalma, ba ya buƙatar ƙamus kafin ya san wane ne mai aikatawa, ina ne wurin aikin. Kalmar likitanci ma gini ce. Tana da saiwa, wadda galibi sunan wata gaɓa ce. Tana da ɗafa-ƙeya mai faɗin abin da ya samu gaɓar ko abin da za a yi mata. Wani lokaci tana da ɗafa-goshi mai nuna yawa ko ƙaranci, sauri ko nawa, ciki ko waje. Harafin o da kuke yawan gani a tsakiya mahaɗi ne kawai don furuci ya yi sauƙi, shi ya sa yake ɓacewa idan ɗafa-ƙeyar ta fara da wasali.

Kuma daga baya ake fara karanta ta. Ku ɗauki gastroenteritis. Ku fara da ƙarshe, itis, kumburi ke nan. Sannan ku koma farko: gastr tumbi, enter hanji. Kumburin tumbi da hanji, abin da ke sa yaro amai da gudawa. Wanda ya riƙe itis ɗin nan, ya kuma san hepat hanta ce, nephr ƙoda, cyst mafitsara, arthr gaɓar ƙashi, ya buɗe sunayen cututtuka huɗu da bai haddace ba. Ya sauya ɗafa-ƙeya zuwa megaly, wato girma fiye da kima, ko algia, wato ciwo, sai wasu ƙofofin su sake buɗewa. Saiwoyi da ɗafe-ɗafe 'yan ɗaruruwa sun isa su kai mutum ga kalmomi dubbai.

Na san za ku tambaya, kamar yadda kowane aji ke tambaya: me ya haɗa mu da Girkanci da Latinanci, harsunan da ba mu da dangi a cikinsu? Hanya ce ta biyo ta can, kuma ta ratsa ta ƙofar gidanmu fiye da yadda kuke zato. Likitocin Girka, daga Abuƙraɗu zuwa Jalinusu, sun rubuta sunayen gaɓoɓi da cututtuka da tsari. A Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙa, likita Kirista da ya rasu a 873, ya juya littattafan Jalinusu masu yawa zuwa Larabci, inda kuwa Larabci ba shi da kalma, sai ya ƙirƙira. Ibn Sina ya kammala Alƙanun fiɗ Ɗibbi a 1025, aka juya shi zuwa Latinanci a birnin Toledo a ƙarni na 12, jami'o'in Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da shi. Har yau akwai sawun wannan tafiya a littafinku: tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, dura mater da pia mater, fassarar sunan da likitocin Larabawa suka ba su ne, don su suna kiran tantanin uwar ƙwaƙwalwa. Reshen wannan ilimi na Larabci ya iso har Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai kan magani, har da wanda ya keɓe wa cutar basir.

A Turai kuwa sunaye suka yi ta hayayyafa, kowane malami da sunan da ya raɗa wa gaɓa guda, har aka tara wajen 50,000. A 1895 masana ƙirar jiki suka taru a birnin Basel suka tankaɗe su, suka rage su zuwa ƙasa da 6,000. Jerin da duniya ke aiki da shi yanzu, Terminologia Anatomica, a 1998 ya fito. Amfanin hakan a fili yake a kan iyakarmu. Takwarorinku na Yamai da Damagaram da Faransanci suke karatu, ku da Turanci, amma idan majiyyaci ya zo Katsina da takardar asibitin Maraɗi, ko ɗan Sakkwato ya dawo daga Galmi da tasa, wanda ya san saiwoyi zai gane hépatite da néphrite ko da bai iya gaisuwa da Faransanci ba.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu. A wannan yare harafi ɗaya yana iya zama ran mutum. Hyper yawa ne, hypo ƙaranci. Mai ciwon suga da aka kawo a sume, idan sugan jininsa ne ya faɗi aka ɗauka hawa ya yi aka yi masa allurar insulin, an tura shi inda ba a dawowa. Otomy tsagawa ce, ostomy buɗe ƙofa a bar ta, ectomy cirewa ɗungurungum. Hysterotomy tsaga mahaifa ne, irin wanda ake yi a ciro jariri a ɗinke, mace ta sake haihuwa in Allah ya so. Hysterectomy cire mahaifar ne, haihuwa ta ƙare. Ku ƙaddara ku ne aka ce ku yi wa mace da mijinta bayani kafin su sa hannu, alhali kalmomin biyu ba su rarrabe a kanku ba. Ileum ƙarshen ƙaramin hanji ne, wurin da taifot ke hudawa idan ta yi tsanani, abin da likitocin tiyata na arewa suka san shi sarai. Ilium kuwa ƙashin ƙugu ne. Furucinsu ɗaya, sai rubutu ke raba su. Ureter bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, urethra wanda ke fitar da shi waje. Saboda haka malamin da ya zaftare muku maki kan kuskuren harafi ba mugunta yake yi ba. Abin da kawai zan ce ku yi wa uzuri shi ne bambancin rubutun Ingila da na Amurka: anaemia da anemia, oedema da edema, abu guda ne. Na Ingila muka gada, bidiyon da kuke kallo a waya kuwa yawanci na Amurka ne. Ku zaɓi na makarantarku ku tsaya a kansa.

Kada kuma daɗin warware kalma ya ɗebe ku, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wasu kalmomin suna ɗauke da kuskuren mutanen da. Malaria a harshen Italiya gurɓatacciyar iska take nufi, don an daɗe ana zargin iskar fadama, kafin Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, Ross kuma ya gano ta a cikin sauro a 1897. Sunan bai sauya ba. Wasu kuma babu abin warwarewa a cikinsu, sunan mutum ne ko na gari. Cutar dajin nan mai kumbura muƙamuƙin yara sunan Denis Burkitt take ɗauke da shi, likitan da ya bayyana ta a Yuganda a 1958. Zazzaɓin Lassa sunan garin Lassa na jihar Borno ne, inda aka fara gane shi a 1969. Ban ga mutanen garin sun ci ribar wannan suna ba, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina laƙaba wa sababbin cututtuka sunan wuri ko na mutum. Irin waɗannan, to, a nan haddarku za ta yi rana.

Kalmar da ba ta da jiki a ƙwaƙwalwa ba ta zama. Idan layya ta zo, kada ku tsaya jiran soye. Ku tsuguna kusa da mai fiɗa. Ku ɗaga hanta ku ga madaciya manne a ƙarƙashinta, ku ce hepat, ku ce cholecyst. Ku tsaga ƙoda gida biyu ku ga ramin da fitsari ke taruwa. Ku bi maƙogwaro har inda ya rabu biyu ya shige huhu. Zuciyar rago ɗakuna huɗu gare ta kamar ta mutum; tumbinsa ne kawai kada ya ruɗe ku, nasa kashi huɗu ne, namu ɗaya. In layya ta yi nisa, mahauta na nan kullum. Kuma tun yanzu ku saba: dama da hagu a asibiti na majiyyaci ne, ba na mai kallonsa ba.

Sauran rabin aikin ba ya cikin manhajarku, kuma ba za a tambaye ku shi a jarrabawa ba. Wanda za ku yi wa hidima Hausa zai yi muku, kuma Hausar asibiti tana da nata zurfin. Muna da sunaye tsayayyu da ya kamata ku sani kamar sunanku: sanƙarau, mashaƙo, ƙyanda, shan inna, tarin fuka, farfaɗiya, yanar ido, dundumi, yoyon fitsari. Muna kuma da kalmomi masu faɗi da kan yaudari sabon ma'aikaci. Matar da ta ce tana da sanyi, tana iya nufin mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko cutar al'aura da kunya ta hana ta ambata. Mai cewa shawara ke damunsa, wani idonsa ne ya yi rawaya, wani kasala ce da ɗacin baki. Basir a bakin mutane ya haɗa abubuwan da likita zai raba gida biyar. Kada ku yi gaggawar rubuta kalmar Turanci daidai da abin da kuka ji. Ku tambaya: ina ne, tun yaushe, yaya yake yi, nuna mini da hannu.

Jijiya ta fi duka buƙatar kulawa. Da wannan kalma guda muke kiran mai ɗauko jini daga zuciya, da mai mayar da shi, da mai kai saƙo daga laka, da mai ɗaure tsoka ga ƙashi. A littafinku kowace da sunanta, kuma a nan ne za ku ga abin da yaren asibiti ya tsare. Wadda ake nema a bayan hannu don ƙarin ruwa daban take da babbar jijiyar saƙo da ta ratsa ɗuwawu ta gangara ƙafa, wadda idan allura ta same ta yaro kan tashi yana jan ƙafa. Dalilin da ya sa za a koya muku cewa allurar ɗuwawu a ɓangaren sama na waje ake yin ta ke nan.

Don haka ga abin da nake ba ɗalibaina shawara. Ku raba shafin littafinku gida uku: kalmar, yadda ta warwaru, sannan jimla ɗaya ta Hausa wadda kakarku za ta gane. Gida na ukun ya fi wuya. Vesicovaginal fistula, huda ce tsakanin mafitsara da farji, galibi daga doguwar naƙuda, kuma ana ɗinke ta; a Babbar Ruga ta Katsina an yi wa mata masu ɗimbin yawa wannan aiki. Idan kun iya faɗa wa yarinya da uwarta haka cikin ladabi, kun san kalmar. Idan kuwa sai dai ku maimaita Turancin da ƙarfi, da sauranku. Abin da na fi ƙi a sababbin ma'aikata shi ne su tsaya a kan tsoho suna jefa masa manyan kalmomi don a san sun yi boko. Waɗannan kalmomi tsakaninku da abokan aiki aka yi su, don bayani ya wuce daga hannu zuwa hannu bai zube ba. Shi kuwa tsohon ku ce masa, Baba, jininku ne ya hau, ga maganin da za ku riƙa sha kullum ko da kun ji sauƙi, a kuma rage gishiri da dunƙule a miya.

Saura gajerce-gajercen rubutu, waɗanda za ku ci karo da su a kan kowace takardar magani: bd sau biyu a rana, tds sau uku, qds sau huɗu, nocte da dare, stat yanzu-yanzu, prn idan buƙata ta taso. Latinanci ne aka guntule. Ku san su, amma kada ku amince musu ido rufe. Od a takardar magani sau ɗaya a rana ne, a asibitin ido kuwa yana iya nufin idon dama. A 2004 hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta fitar da jerin gajerce-gajercen da ta hana rubutawa saboda sun jawo kurakuran magani. A ciki akwai harafin U na awon insulin, wanda ido kan karanta shi sifiri, goma ta koma ɗari. Akwai kuma MSO4 da MgSO4, ɗaya mofin ne mai kashe zafi, ɗaya maganin da ake yi wa mai jijjigar haihuwa, wanda ku ungozomomi za ku riƙa ɗauka a hannu dare da rana.

Rubutun wasu likitoci kuwa kun ji labarinsa, ba sharri aka yi musu ba. Idan umarni bai fito muku sarai ba, ku ajiye sirinji ku je ku tambayi wanda ya rubuta, ko da babban likita ne, ko da zai ɗaure fuska, ko da ƙarfe biyun dare ne. In ba ya kusa, ku nemi sista mai kula da ɗakin ku karanta tare, sannan ku rubuta a takardar majiyyaci abin da aka tabbatar da wanda ya tabbatar da shi.

Ku gaishe mini da malamanku. Allah ya ba da sa'a.

Wassalam,
Naku, wani malamin makarantar jinya.