Keke Bisa Titi: Darasi Domin Samari da 'Yan Makaranta

Keke abin hawa ne mai albarka. Ba ya shan mai, ba ya cin harawa, ga shi da sauƙin gyara. Shi ke kai yaro makaranta, shi ke kai ɗan aike kasuwa, shi ke kai manomi gona. Amma akwai abu guda wanda ya wajaba kowane yaro ya sani tun bai ɗora ƙafarsa bisa feda ba, watau duk cikin masu abin hawa babu wanda ya kai mai keke rauni. Direban mota ƙarfe ne ya kewaye shi, shi kuwa mai keke ba shi da garkuwa sai fatar jikinsa. Ko ƙwai ya faɗa kan dutse, ko dutse ya faɗa kan ƙwai, an san wanda zai fashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin rahotonta na 1923 da ɗari, watau 2023, cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke rasa rayukansu kowace shekara ta hanyar haɗarin titi. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Har wa yau haɗarin titi shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Saboda haka wannan darasi ya tattara ne a kan ƙa'ida biyu: direba ya gan ka, ya kuma san inda ka nufa.

1. Hannun da za ka bi

Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar bin hannun hagu ta koma hannun dama, daidai da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru. Wannan doka ba ta motoci kaɗai ba ce, har da keke. Ka bi gefen dama na titi, kana tafiya inda motoci su ka dosa. Waɗansu yara su kan bi hannun hagu, wai don su riƙa ganin motar da ke zuwa. Wannan kuskure ne babba, gama direban da zai fito daga lungu ba ya tsammanin wani abu daga wannan gefe, sa'an nan in an yi karo gaba da gaba, gudunka da nasa ne za su haɗu a jikinka.

2. Duba keke kafin hawa

Kowace safiya ka matsa birkin gaba da na baya, ka tura keken ka ga ko sun kama. Tsai da keke da dunduniyar takalmi ba birki ba ne. Ka latsa tayoyi ka ji iska, ka kaɗa ƙararrawa, ka tabbata sarƙa ba ta yi sako-sako ba. In za ka tsaya, ka kama birki biyu tare, domin na gaba shi kaɗai ya kan wuntsila mutum ta kan keke. Ka tuna kuma da damina birki ba ya ci da wuri, don ruwa ya kan sa robarsa ta yi santsi.

Keken ya zama daidai da tsawonka, yadda in ka tsaya ƙafarka za ta taɓa ƙasa. Yaron da ya zira ƙafa ta ƙarƙashin sandar keken babansa yana tuƙi a karkace ba shi da iko da keken. Ka naɗe ƙafar wando, ka tattara riga. 'Yan mata su kula da bakin mayafi da hijabi, kada taya ta fizge shi.

3. Direba ya gan ka

Motar da ke gudun kilomita 50 cikin awa ɗaya tana cin mita 14 kowace daƙiƙa, watau kamar tsawon ƙananan motoci uku a jere. Kafin direba ya hango ka ya kai ƙafarsa kan birki, motar ta riga ta ci wannan tazara, tukuna ta fara rage gudu. Ashe ke nan wanda a ka hango da wuri shi ke tsira.

Da dare lalle ne ka sa farar fitila a gaba, da jar danja a baya. Ka sa tufafi masu haske. Ka ƙara hattara da almuru, da kuma kwanakin hunturu sa'ad da hazo ke rufe hanya. Kada ka ce tun da kana ganin fitilar mota direbanta yana ganinka.

4. Direba ya san inda ka nufa

Ka yi tafiya miƙe, ban da kutsawa tsakanin motoci da A Daidaita Sahu. In za ka juya dama, ka miƙa hannun dama. In za ka juya hagu, ka waiwaya tukuna, ka miƙa hannun hagu, kada ka karya sai hanya ta buɗe. Juyawa hagu ita ta fi haɗari, domin za ka ratsa gaban motocin da ke bayanka da waɗanda ke tahowa. Inda titi ya cika, ba abin kunya ba ne ka sauka ka tura kekenka ka ƙetare da ƙafa.

In ka fito daga lungu za ka hau babban titi, ka tsaya cak, ka duba hagu, ka duba dama, ka sake duba hagu. A shataletale, waɗanda ke ciki su ke da hanya, ta hagunka kuwa za su ɓullo. Jar wuta ta tsai da mota, ta tsai da keke.

5. Manyan motoci

Direban tirela ko tanka yana zaune can sama, akwai wurare a gefen motarsa da bayanta waɗanda madubi ba ya nuna masa. In ba ka hango fuskarsa cikin madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Bugu da ƙari, in doguwar mota za ta sha kwana, tayoyin baya ba su bin sawun na gaba, su kan yanko ta ciki. Saboda haka kada ka shiga tsakanin babbar mota da bakin titi kusa da kwana. Ka tsaya a baya har ta wuce. Kama bayan mota don ta ja ka kuwa wasa ne da rai.

6. Halayen da za a bari

Ban da tsere a titi, ban da sakin hannu don burge abokai. Ban da goyo bisa sanda, da lodin da zai tare maka gani. Ban da amsa waya ko toshe kunne da kiɗa, gama kunne shi ne idon mai keke na baya. In kuna tafiya ƙungiya, ku jeru ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sami hular kwano ya sa ta, ya ɗaure igiyarta, domin ƙafa in ta karye a kan ɗora ta, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta ɗoruwa.

7. Iyaye da malamai

Sayen keke rabin aiki ne, sauran rabin koyarwa. A fara koya wa yaro a fili ko harabar makaranta, kada a sake shi a titi sai ya iya tsayawa, da waiwaye, da miƙa hannu ba tare da ya yi tangaɗi ba. A zaɓa masa hanyar makaranta mai ƙarancin motoci, ko da ta fi nisa. In haɗari ya auku, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda a ka kafa a 1988, ta lamba 122. Kada a ciccibi wanda ya bugu a wuya ko gadon baya da garaje. Yaron da ya bugu a ka kuwa a kai shi asibiti ko da ba a ga jini ba.

Ku samari, ku ne manyan gobe, ƙasa tana bukatarku da ranku da lafiyarku. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya.

Tambayoyi

1. Wane hannu mai keke zai bi, don me kuma?
2. Mita nawa mota mai gudun kilomita 50 ke ci cikin daƙiƙa ɗaya?
3. Me ya sa juyawa hagu ta fi juyawa dama haɗari?
4. Yaya za ka gane ko direban babbar mota yana ganinka?