Kafin a tura kuɗin rim: lambobin da za a duba a waya

Matashi yana zaune a Bungudu, ya ga rim mai ƙyalli na inci 18 a Facebook ko a shafin Jiji. Mai kayan yana Kofar Ruwa a Kano, kuma tambayarsa ɗaya ce: “Motarka noti nawa ce?” Aka ce biyar. Ya ce ai zai hau. Aka tura kuɗi, kaya suka iso tashar mota a Gusau, sai a wurin mai faci aka tarar rim ɗin ya ƙi zama. Wanda nasa ya ƙi zama ma ya yi sa'a. Wanda ya shiga haɗari shi ne wanda nasa ya zauna da ƙyar, aka ɗaure da ƙarfi, ya hau titi.

Yawan noti ba ya faɗin komai shi kaɗai, kamar yadda caja ba ta zama ta wayarka don kawai bakinta ya yi kama da ramin. Abin da ake kira PCD shi ne lamba ta farko: yawan ramuka da faɗin da'irar da suka zagaye, a milimita. Toyota Camry da Honda Accord ta 2003 zuwa sama duk 5x114.3 ne, haka ma Ford Mustang. Mercedes 5x112 ce. Tsofaffin BMW 5x120. Corolla ƴar Amurka ta 2003 zuwa 2018 kuwa 5x100 ce, irin ta Toyota 86. Duk noti biyar-biyar, amma iri huɗu ne daban. Peugeot 406 tana da 4x108, yawancin Golf 3 kuma 4x100.

Tarkon yana tsakanin 112 da 114.3. Bambancin bai kai milimita biyu da rabi ba, ido ba ya gani, kuma rim ɗin kan shiga. Sai dai kowane noti zai zauna a karkace, yana jan kusarsa gefe. Da tafiya ta yi tafiya, noti ya saki ko kusa ta karye. Mai son tabbatarwa ya auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi, ya raba da 0.5878 a kalkuletar waya. Idan awon kafin a raba ya kai kusan 67.2, rim ɗin 114.3 ne, idan 65.8 ne, to 112. Rular ƴan makaranta ba za ta raba wannan gardama ba, sai ma'aunin ƙarfe mai nuna lamba. Mai noti huɗu ya fi sauƙi: a auna tsakanin ramuka biyu da ke fuskantar juna.

Daga nan sai babban ramin tsakiya. Na Camry 60.1 ne, na Accord 64.1, na Mustang 70.5. Shi ya sa rim ɗin Camry ba ya hawa Accord duk da PCD ɗinsu ɗaya: ramin ya yi kaɗan. Na Accord zai hau Camry, amma da sarari, kuma sararin nan kan sa sitiyari rawa idan an fara gudu. Maganinsa ƙaramin zobe na roba mai tauri ko alminiyam da ke cike gurbin.

Wadda aka fi mantawa ita ce ET. A bayan yawancin rim akwai rubutu irin 6.5Jx16 ET45: faɗi inci shida da rabi, girma inci 16, fuskar da ke manne da mota kuma ta matsa milimita 45 daga tsakiyar rim zuwa waje. Wannan shi ne na asalin Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle. A ce an kawo mata 8Jx18 ET35. Faɗi ya ƙaru da inci ɗaya da rabi, kusan milimita 38, wato 19 a kowane gefe. ET ya ragu da 10, sai rim ɗin ya matso waje da 10. Sakamako: bakin waje ya fito da milimita 29, na ciki ya matsa kusa da shoka da 9. Ko milimita 29 ɗin za ta gogi bodi, wannan sai an duba motar da kanta, musamman idan an cika ta da mutane ta faɗa rami. Shafin willtheyfit.com yana yin wannan lissafi har da zane, wheel-size.com kuma yana ba da lambobin asali idan aka sa sunan mota da shekararta. A motocin gudu akwai ƙarin matsala: birkinsu babba ne, rim kan cika duk lambobi amma ya taɓa birki ta ciki. Wannan gwaji kawai ke nuna shi.

Taya ma tana da nata lissafin. A 215/60R16, kaurin gefen taya kashi 60 cikin ɗari na 215 ne, milimita 129. A ninka biyu, a ƙara inci 16 sau 25.4, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama 664. Idan aka sa 225/45R18 za a sami 660, lafiya lau. Idan 225/40R18 ce, 637 ne, ya gaza da kusan kashi 4, alhali ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a wuce kashi 3. Allon mota zai nuna 100 ana tafiyar 96, ƙasan mota kuma ya ƙara kusantar ƙasa.

A nan ne ya kamata mai mota a Zamfara ya tsaya ya yi tunani. Daga 129 zuwa 90, an cire kusan kashi uku cikin goma na robar da ke shanye dukan rami. Waɗannan siraran tayoyi an yi su ne don titi mai santsi. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Bungudu da Gusau, ko ya bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ko ya tsaga shi, kuma kowa ya san waɗannan hanyoyi ba wurin tsayawa canjin taya ba ne da magariba. Ga Camry irin wannan, inci 17 da 215/55R17 ya fi dacewa: kyau ya ƙaru, kauri ya rage 118.

Saura noti. Na asalin Honda gindinsa zagayayye ne, na rim ɗin alminiyam na Toyota shimfiɗaɗɗe mai wasa, yawancin rim na kasuwa kuma mai tsini suke so. Tsohon noti a sabon rim kan kama ne da baki kawai, don haka a sayi wanda ya dace tare da rim ɗin.

Kafin tura ko kwabo, a nemi mai kayan ya kifa rim ɗin ya ɗauki hoton rubutun bayansa, duka huɗun, don wani lokaci biyu faɗinsu daban. A amince cewa zai karɓa idan bai hau ba, a ajiye saƙon a WhatsApp. Ranar ɗaurawa a fara da ƙafar gaba ɗaya, a juya ta da hannu tana sama, a sauke, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu ana sauraron guga. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a koma a sake ɗaure notin. Na Camry ana kai shi 103 Nm.