Tsohuwar Tarakta da Shirin Damina

Wanda ke da tsohuwar Massey Ferguson 135 a kewayen Injamena, irin wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, kada ya bari sai ruwan Yuni ya sauka sannan ya tuna da ita. Tun bazara ake gyara.

A fara da matatar iska, domin ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar injinta na Perkins. Yawancin waɗannan taraktoci matatarsu mai kwanon mai ce a ƙasa. A kwance kwanon, a zubar da laka da ta taru, a wanke da kananzir, a zuba sabon baƙin mai daidai layin da aka zana. Idan ya wuce layin, injin zai zuƙe shi.

Sai tankin gas. Taraktar da ta yi watanni a ajiye takan tara ruwa da datti a gindin tanki, balle idan gas ɗin na jarka ne daga bakin titi. A tsiyaye, a canza filta, a fitar da iska daga bututu kafin a tayar. Gyaran famfon gas, in dattin ya lalata shi, ya fi duk wannan tsada nesa ba kusa ba.

Lagireto a wanke shi, a duba fanbel da ruwan batir, a matsa giris ko'ina.

Baƙar ƙasar bakin kogin Shari da Logon kuwa, in ta jiƙe sosai tana riƙe taya. A shiga da garma bayan ruwan farko, kafin ta zama taɓo.