Ƙullutun Tsoka da Hanyar Koyon Aikin Gashin Ƙashi

Gabatarwa

Idan damina ta kankama a Gurbin Bore da ƙauyukan ƙasar Zurmi, da wuya a sami gidan da ba a kukan ciwon baya ko wuya ko kafaɗa. Manomi ya wuni duƙe da fartanya, mace ta wuni da taɓarya ko tulu a ka. Sau da yawa ƙashin lafiyarsa lau, tsoka ce ta ɗaure. Wannan darasi zai bayyana yadda hakan ke faruwa, da matakan da ɗalibi zai bi ya zama mai maganinsa.

Mene ne ƙullutun tsoka?

Tsoka zare-zare ce da wani siririn tantani ya lulluɓe. Idan aka yawaita mata aiki iri ɗaya, wani ɗan sashe nata yakan tsuke ya ƙi sakewa, har yatsa ya ji shi kamar ƙwayar wake a cikin igiya. Bayanin da masana suka fi kawowa shi ne tsukewar tana matse ƙananan hanyoyin jini, iskar oksijin ta ragu, alhali tsoka na bukatar ƙarfi kafin ta saki. Har yanzu dai ana muhawara a kan wannan bayani.

Abin mamaki shi ne ciwon yakan bayyana nesa da ƙullutun. Na tsokar da ke tsakanin wuya da kafaɗa yakan jawo ciwon gefen kai, na tsokar ɗuwawu kuwa yakan gangara har ƙafa. Likitar nan ta Amurka, Janet Travell, wadda ta zama likitar Shugaba Kenedi a 1961, ita da David Simons ne suka zana taswirar waɗannan wurare a littafin da suka fitar a 1983. Ana magance ƙullutu da dannawa a hankali, da miƙar da tsoka, da ɗumi, da motsa jiki, wani lokaci kuma da siririyar allura marar magani.

Hanyar karatu

A Nijeriya wannan aiki reshe ne na ilmin gashin ƙashi, wato fisiyoterafi. An fara shi a asibitin ƙashi na Igbobi, Legas, a 1945, Jami'ar Ibadan kuma ta fara digirinsa a 1966. A Arewa ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri.

Ɗalibi na bukatar kiredit biyar: Ingilishi, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sannan ya ci jarrabawar shiga jami'a. Karatun shekara 5 ne ko 6, gwargwadon tsarin jami'ar. A ciki zai koyi ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi, ya kuma duba marasa lafiya a asibiti. Daga nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki, da rajista da hukumar kula da masu wannan sana'a, wadda aka kafa da Doka ta 38 ta 1988. Bayan haka ne mutum ke neman ƙwarewa a kan ƙullutun tsoka.

Me ya sa dogon karatu?

Mai karatu zai ce, ai ko mai tausa ya iya danna ƙullutu. Gaskiya ne, amma ba kowane ciwon baya ne na tsoka ba. Tarin fuka na kama ƙashin baya, ciwon ƙoda na bugawa a kwiɓi, ciwon zuciya na sauka a kafaɗar hagu. Wanda bai iya rarrabewa ba zai yi ta tausa har cuta ta ci ƙarfin mai ita. Haka kuma allurar da ta zarce a saman kafaɗa tana iya huda huhu.

Kammalawa

Inda babu ƙwararre kusa, mutane kan koma ga ƙwayoyin kashe zafi irin su taramol da dikulofenak, na farko ya kama mutum, na biyu ya ɓata ciki da ƙoda. Saboda haka muna kira ga malaman kimiyya na Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda da su sanar da ɗalibai wannan fanni tun kafin su zaɓi darussa a babbar sakandare, domin wanda ya ajiye Fiziks ko Kemistiri a wannan mataki ya rufe wa kansa ƙofar.