Koyar da Kalmomin Dangi na Turanci a Sakandaren Karkarar Kano

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ƙasa ta huta, ɗalibai da yawa sun taso ne a gidan gandu, wato gidan da uba da 'ya'yansa masu aure suke noma tare, suna ci daga rumbu ɗaya. Littafin Turanci kuwa yakan zana miji da mata da yara biyu, don haka malamin da ya tsaya a kan wannan zane ya bar rabin mutanen gidan ɗalibinsa ba suna.

Abin da duba littattafan ɗalibai yake nunawa shi ne, harsunan biyu ba wuri ɗaya suke yanka iyaka ba. Bahaushe ya raba baffa, ɗan'uwan uba, da kawu, ɗan'uwan uwa, kamar yadda ya raba gwaggo da inna, alhali Turanci ya tattara su a "uncle" da "aunt". Sai kuma abin ya juye, domin ɗan baffan da aka tashi da shi a tsakar gida ɗaya yaya ne ko ƙane, shi ya sa ɗalibi yake rubuta "brother" a inda ake neman "cousin", kalmar da ta haɗiye har da taubashi, abokin wasan da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Jan biro kaɗai ba ya gyara wannan, sai an nuna wa yaro wanda ya haifi wa.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce malami ya zana gidan wani magidanci na ƙirƙira a allo, mai mata biyu da ƙane da jikoki, ɗalibai su riƙa bin layi suna faɗin matsayin kowa, har su kai ga "half-brother" da "stepson". Ƙirƙirar tana da dalili, tun da akwai yaran da kunya ba za ta bar su su ambaci sunan mahaifi ba, kuma ba daidai ba ne a sa agola ko maraya ya bayyana halinsa gaban aji. Bayan nan ne ake shiga rubutun wasiƙa zuwa ga dangi, irin wadda WAEC da NECO sukan tambaya, a kuma sauya "senior brother" da aka saba ji da "elder brother".