Google, DuckDuckGo, Startpage ko Brave: Wanne Ya Fi Wajen Neman Labari Da Rufin Asiri?

Darasinmu na yau a kan injinan bincike ne, musamman ga 'yan uwa na Batsari da Safana.

A yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, labari ba abin wasa ba ne. Saƙo ɗaya a WhatsApp cewa an tare hanya ya isa ya hana mutum zuwa kasuwa ko gona. Waɗanda suka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, sun san darajar sahihin labari. To da wane inji za ka tantance, kuma wa ke ganin abin da ka nema?

Google. Ya fi kowa tarin shafuka, don haka shi ya fi saurin zaƙulo labarin ƙaramin gari. Sai dai yana ajiye abin da ka bincika a asusunka na Gmail, yana kuma amfani da shi wajen tallace-tallace.

DuckDuckGo. An kafa shi a Amurka a 2008. Ba ya tara tarihin bincikenka da sunanka. Mafi yawan sakamakonsa daga Bing na kamfanin Microsoft yake, don haka wani labarin ƙauye na iya kuɓuce masa. Idan sabis ya yi rauni, shiga lite.duckduckgo.com, rubutu ne zalla, ba ya cin data.

Startpage. Kamfanin ƙasar Holan ne. Ɗan aike ne tsakaninka da Google: shi zai kai tambayarka ya karɓo amsa, ba tare da ya faɗi wanda ya aike shi ba.

Brave Search. Ya fito a 2021, da rumbun shafukansa na kansa. Yana da kyau idan kana son jin ta bakin wani daban, amma rumbun bai kai na Google girma ba.

Gwada da kanka

1. Rubuta "Batsari 'yan bindiga" a duka huɗun, ka duba sakamako biyar na farko.
2. Taƙaita lokaci zuwa awa 24 ko mako guda. Tsohon labari na yawan dawowa kamar yau ya faru.
3. Killace bincike a kafar da ka amince da ita: Safana site:bbc.com/hausa. Haka za ka yi wa Aminiya ko Premium Times Hausa.
4. Gwada rubutu iri biyu, kamar Ɗanmusa da Danmusa, domin sakamakon kan bambanta.
5. Hoto kuwa, saka shi a Google Lens ka ga inda ya fara fitowa.

Abin lura

Babu injin da ke tantance maka gaskiya. Nuna maka hanya kawai yake yi. Kada ka tura labari sai ka gan shi a kafofi biyu masu suna da kwanan wata.

Sannan ko da DuckDuckGo ka yi amfani, tarihin na nan a burauzar wayarka. Duk wanda wayar ta shiga hannunsa, a shagon caji ko a kan hanya, zai iya gani. Sa wa wayar makulli, ka riƙa goge tarihi. A manhajar DuckDuckGo, alamar wuta na share komai da taɓawa ɗaya. Na Google kuwa, shiga myactivity.google.com ka saita ya riƙa gogewa duk wata 3.

Shawararmu: Startpage don binciken yau da kullum, DuckDuckGo mara nauyi idan sabis ya yi ƙasa, Google idan labarin ya ƙi samuwa. Ana sauya injin ne a saitin Chrome, sashen injin bincike.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.